Inda Kuɗin Sanyi Ke Zurarewa a Gine-ginen Kasuwancin Kano

Duk mai son sanin inda ribar shago take tafiya a bazarar Kano, ya zaga bayan wata filaza a titin Gidan Zoo ko titin Murtala Muhammad da misalin ƙarfe uku na rana a watan Afrilu. A ɗan lungun da ke tsakanin gini da katanga zai tarar da kawunan waje na iyakwandishan goma sha wani abu an jera su, wani a kan wani, kowanne yana fesa wa na kusa da shi huci, ga janareto a gefe yana ƙara musu da nasa. Ragar bayansu ta toshe da jar ƙurar hunturun da ya wuce. Soson da aka naɗe bututu da shi rana ta cinye, yana marmashewa a hannu. A ciki kuma rimot yana kan 16, ma'aikata suna fifita da fayil, mai gyara yana cewa, “Alhaji, gas ne ya yi ƙasa.”

Gas ɗin da za a ƙara ba zai raba wannan gardama ba, domin matsalar ta fara tun kafin a sayo na'urar. Iyakwandishan ba ta ƙera sanyi. Aikinta dako ne: ta kwashi zafin da ke cikin ɗaki ta fitar da shi waje, wutar da take sha kuwa ladan dakon ne. Na'ura mai lafiya tana fitar da zafi kimanin ninki uku na wutar da ta ci, wato kilowat ɗaya na lantarki ya kwashe kilowat uku na zafi. Wannan lissafin ne lambar EER da ake rubutawa a takardar da ke manne a gefen na'ura. Kamar kowane ɗan dako, ladansa yana hawa idan kayan sun yi yawa, yana hawa idan tudu za a hau da su, yana kuma hawa idan shi kansa ba shi da lafiya. Yawancin masu gine-gine a garin nan ɗan dakon kawai suke kallo, ba sa tambayar wanda ya tara masa kayan.

A da ana iya kawar da kai. Tun daga Afrilun 2024 da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin yunit na masu rukunin A, wato waɗanda aka fi bai wa wuta, zuwa naira 225, daga abin da bai kai naira 70 ba, lissafi ya canja, kuma sassaucin da aka yi a watannin da suka biyo baya bai sauko da shi ƙasa da 200 ba. A ɗauki na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin ta da wadda ba inbata ba, wato wadda ba ta rage gudu da kanta. Tana jan kimanin kilowat 1.2. A bazara kusan ba ta hutawa, don haka awa goma yunit 12 ne, kwana 26 na aiki yunit 312. A kan naira 210, farashin ƙarshen 2024, wajen naira dubu 65 ke nan a wata, kai ɗaya tal. Ofis mai kawuna ashirin ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku kafin a kunna ƙwai ko kwamfuta. Wannan fa idan KEDCO ta ba da wuta. Idan aka koma kan janareto, litar dizal ɗaya ba ta wuce yunit uku zuwa uku da rabi ko a inji mai lafiya. Kowa ya raba kuɗin litar da ya saya jiya gida uku, zai ga nawa yunit ya kama masa, ban da baƙin mai da filta da kuɗin makaniki.

Ta ina zafin yake shigowa

Ta sama, kafin ko'ina. Kano tana kimanin digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa rana take tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, a goman ƙarshe na Afrilu da na Agusta. Da tsakar rana idan gari ya yi wasai, kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar zafin da ya kusa kilowat ɗaya. Kwano mai duhun launi, irin ja da baƙi da shuɗin da ake yayi yanzu, yana iya haura digiri 70. Tsakaninsa da kan mutane babu komai sai silin ɗin POP ko na roba, wanda ado ne kawai. A irin wannan rufi, wat 80 zuwa 100 suna sauka cikin ɗaki ta kowane murabba'in mita. Shago mai faɗin mita 5 da tsawon mita 8 a hawa na ƙarshe yana shan fiye da kilowat uku ta silin kaɗai. Na'ura mai doki ɗaya da rabi kilowat 3.5 na zafi take iya kwashewa. Ke nan guda ɗaya sukutum tana yi wa rufi bauta, mutanen da ke ciki ba su samu komai ba tukuna.

Maganin ba shi da wuya, kuma sau ɗaya ake biyansa. Audugar gilas mai kaurin santimita 5, a shimfiɗa ta a kan silin ba tare da an bar giɓi ba, tana mayar da wannan zafin kusan rubu'insa. Inda ake kuskure shi ne a danne ta da katako ko a bari ɗigar ruwan sama ta jiƙa ta, domin iskar da ke tsakanin zaruruwanta ce take tare zafin, idan ta lotse ta tashi daga aiki. Takardar alminiyam mai ƙyalli da ake sawa ƙarƙashin kwano tana taimakawa, amma sai an bar mata sarari na iska kamar yatsa biyu, kuma fuskar mai ƙyallin ta kalli ƙasa. Idan ta kalli sama, hunturu ɗaya ya isa ƙura ta rufe ta. A kuma buɗe wa sararin da ke tsakanin kwano da silin kafofin shan iska, a sa musu raga saboda tsuntsaye da jemagu. Mai rufin kankare kuwa nasa ciwon daban: kankare yana haɗiye zafin rana ya riƙa sakinsa har tsakar dare, shi ya sa ɗakunan saman otal ba sa hucewa. Farin fenti na rufi yana ragewa sosai muddin ana wanke shi, rumfar farantan sola a samansa kuwa ta ba da inuwa ta ba da wuta.

Bayan rufi sai gilashi, kuma a nan yayi ya cuce mu. Ginin da aka lulluɓe fuskarsa da gilashi daga ƙasa har sama an tsara shi ne don ƙasashen da suke marmarin rana. Farin gilashi yana barin kusan kashi 80 cikin 100 na zafin rana ya wuce. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya, taga mai kallon yamma tana shigo da wajen wat 500 ta kowane murabba'in mita. Gaban shago mai faɗin mita 3 da tsayin mita biyu da rabi ya haura kilowat uku da rabi, wata na'urar ke nan ta sake tafiya. Labule a ciki yana kare ido, amma zafin ya riga ya ƙetare gilashin, yana cikin ɗaki. Inuwar da ke aiki ita ce ta waje. Bangon kudu da na arewa ɗan baranda a saman taga ya wadatar, tunda rana a sama take bi. Gabas da yamma kuwa rana a kaikaice take zuwa, baranda ba ya tare ta, sai dai faranta a tsaye, ko bulo mai ƙofofi, ko layin darbejiya. Wanda bai fara gini ba tukuna, ya sa doguwar fuskar ginin ta kalli kudu ko arewa, ya tura matakala da banɗaki da sito zuwa bangon yamma. Wannan ko kwabo ba ya ƙara wa kuɗin gini.

Maginanmu na da sun san wannan ba tare da mita ba. Wanda ya taɓa shiga soron Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da rana tsaka ya san yadda jiki yake ji: bango mai kauri na tubali, ƙananan tagogi can sama, rufin azara da ƙasa mai tsayi. Zafin rana kafin ya ratsa bangon dare ya yi. Ba cewa ake a gina banki da tubali ba, amma abin takaici ne a ce garin da ya gaji wannan ilimi shi ne yake jera akwatunan gilashi masu kallon faɗuwar rana. Ƙa'idar ma akwai ta. A 2017 ma'aikatar wuta da ayyuka da gidaje ta tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta ce taga kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi mata inuwa, a sa wa rufi abin tare zafi kwatankwacin audugar nan mai santimita 5, iyakwandishan kuma ta zama inbata mai EER aƙalla 2.8. Da za a riƙa duba waɗannan ukun lokacin amincewa da zanen gini a hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, da an rage wa 'yan haya da yawa wahalar shekaru.

Sauran zafin daga ciki yake. Kowane mutum a zaune yana fitar da sama da wat 100. Kowane wat da ƙwai ko firji ko na'urar kwafi ta ci, zafi yake zama a ɗakin, sai an sake biyan kuɗin fitar da shi. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Ƙofar da ake bari a buɗe don ciniki ya shigo kuwa, titi ake sanyayawa. A sa mata abin da ke mayar da ita da kanta, a toshe ƙasanta da roba, a cike ramin da aka fasa don bututu.

Ita kanta na'urar

A kasuwa da doki ake ciniki: doki ɗaya BTU 9,000 ne, ɗaya da rabi 12,000, biyu 18,000, BTU kuwa ma'aunin zafin da na'ura take kwashewa ne. Ana yawan zaɓa da ido, mai sayarwa ya tambayi girman ɗaki kawai. Amma ɗaki biyu masu girma ɗaya, ɗaya a ƙasa yana kallon arewa, ɗaya a sama yana kallon yamma, buƙatarsu tana iya bambanta ninki biyu. Wadda ta yi ƙanƙanta ba za ta huta ba. Wadda ta yi girma da yawa kuma sai ta riƙa tashi tana mutuwa kowane 'yan mintuna, kwampreso, wato injin da ke tura gas, ya gaji, a damina kuma ɗaki ya yi sanyi amma jiki yana danƙo, domin ba ta daɗe tana aiki ba balle ta tsotse laimar iska.

Akwai wata alama da ba a cika dubawa ba, alhali a Kano ta fi sunan kamfani muhimmanci. Ƙarfin da aka rubuta a kwali galibi an auna shi ne a yanayin da ake kira T1, wato zafin waje digiri 35. Na'urar da aka ƙera don ƙasashe masu tsananin zafi ana gwada ta a T3, digiri 46. A Afrilu da Mayu garin nan yana haura 40 a inuwa, kan na'urar da ke kan kankare a rana kuwa iskar da yake shaƙa ta fi haka. A irin wannan zafi mai T1 tana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta, wutar da take ja ta ƙaru, wani lokaci kwampreso ya katse kansa don kada ya ƙone. Mai shago sai ya ɗauka gas ne. Wannan shi ne tudun da aka ambata: kowane digiri ɗaya da aka ƙara wa zafin da kan waje yake fama da shi yana ƙara kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na wuta. Don haka a ɗora kan waje a bangon da ke da inuwa da yamma, a bar masa kamar santimita 30 ta baya da fiye da mita ɗaya ta gaba, a nisanta shi da salansar janareto. Kejin ƙarfen da ake yi saboda ɓarayi ya zama na sanduna masu tazara. Rumfar da aka matse a kansa har huci yana dawowa, gara babu ita.

Inbata ta cancanci kuɗinta a wurin da ake aiki awa takwas ko fiye. Maimakon ta riƙa tashi da mutuwa, rage gudu take yi idan ɗaki ya yi sanyi, a nan tsimin yake, sau da yawa wajen kashi 30 cikin 100 a tsawon shekara. Sharaɗin shi ne ɗakin ya kai sanyin da aka nema. Inbatar da aka sa a ɗakin da rufinsa ke zubo wuta, aka kuma danna mata 16, a ƙarshen gudunta za ta wuni, ba ta tsimin komai. Rauninta kuma allon lantarkin da ke cikinta, wanda wuta mai hawa da sauka take ƙonawa, kuma yana da tsada. Abin kare hawan wuta da waya ta ƙasa mai kyau ba na zaɓi ba ne a nan.

Rabin lafiyar na'ura ranar ɗaura ta ake yanke shi. Bayan an haɗa bututu, wajibi ne a gwada shi da iskar naitirojin a ga ko yana yoyo, sannan a sa famfon zuƙe iska har ma'auni ya sauka zuwa maikiron 500. Abin da aka saba gani shi ne a ɗan saki gas ya yi “fuu” a ce iska ta fita. Ba ta fita ba. Laimar da ta rage tana haɗuwa da man kwampreso ta zama asid, ta ci rufin wayoyinsa a hankali, bayan shekara biyu a ce na'urar ce ba ta da kyau. Gas ɗin da ke zuwa da na'ura na bututu kamar mita 5 ne, idan ya fi haka sai a ƙara gwargwadon giram ɗin da kamfani ya rubuta, a kan sikeli, ba da taɓa bututu da hannu ba. Bututun biyu kowanne a naɗe shi da nasa soson, a rufe da tef saboda rana.

Gas kuma ba ya ƙarewa kamar fetur. Zagaye yake yi a rufaffen bututu, idan ya ragu to akwai inda yake fita, galibi a bakin noti, kuma za a ga maiƙo a wurin ƙura ta manne. Ƙanƙara a kan siririn bututu ita ma alama ce. Ƙarin gas duk shekara ba tare da toshe ɓular ba ɗiban ruwa ne da kwando. Kada kuma a gauraya gas iri biyu: mai lamba R410A yana aiki da matsi fiye da ninki ɗaya da rabi na R22, kuma man da suke amfani da shi ba ɗaya ba ne. R32 yana iya kama wuta kaɗan, R290 kuwa sosai, ba a kusantarsu da wutar walda. Mai tsofaffin na'urori masu R22 ya sani cewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta kare sararin samaniya ana janye wannan gas, wa'adin ƙasashe irin Najeriya 2030 ne, don haka kashe kuɗi mai yawa wajen canja musu kwampreso ba dabara ba ce.

Sai ƙura, wadda ita ce ta bambanta Kano da abin da littafin kamfani ya ce. Ko me littafi ya ce, a hunturu a wanke ragar ciki duk mako, ko mako biyu idan wurin ba ya bakin titi. Kan waje a wanke shi a ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama, ba a fafe gora ranar tafiya. A kashe wuta, a buɗe murfi, a watsa ruwa marar ƙarfi daga ciki zuwa waje. Injin wankin mota yana lanƙwasa siraran faranta ya toshe hanyar iskar gaba ɗaya. Gwajin da kowane manaja zai iya yi da ɗan ma'aunin zafi: bayan minti goma sha biyar da kunnawa, iskar da ke fita ta fi wadda ke shiga sanyi da digiri 8 zuwa 12. Idan bai kai ba, akwai magana. A sa mai gyara ya auna amfiya ya gwada da abin da ke rubuce a jiki, ya kuma duba kafasita, domin zafi yana kashe ta kuma da ita kwampreso yake tashi.

Shekarar Kano ba yanayi ɗaya ba ce

Danna 16 ba ya sa sanyi ya zo da wuri a na'urar da ba inbata ba, hana ta hutawa kawai yake yi. Digiri 24 zuwa 26 ya ishi mai aikin ofis, kuma kowane digiri da aka ɗaga yana rage kashi 3 zuwa 6 cikin 100 na wuta. Indiya, wadda zafinta ya yi kama da namu, tun Janairun 2020 ta wajabta sababbin na'urori su zo a saite kan 24. Fankar sama tana cin wat 70 ko ƙasa da haka, iskar da take kaɗawa kuma tana sa 26 ya zama kamar 24 a jiki. Cire fanka daga ofis don an sa iyakwandishan asara ce.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare yana sauka ƙasa da digiri 15 a wasu ranaku. Ginin bulo da kankare da aka bari iskar asuba ta ratsa shi ta tagogi masu raga, ko ta fankar da ke jawo iska ta cikin filta, zai riƙe sanyin har kusan azahar. Duk da haka za ka ga ana kunna na'urori tun ƙarfe takwas saboda sabo.

A Maris da Afrilu kuwa akwai wata dama da bushewar iskarmu ta ba mu. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda raɓar da ke tsattsafowa ta jikinta tana bushewa, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina tukunyarsa ta cikin tukunya a kai har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Na'urar sanyi mai ruwa haka take aiki: fanka tana jan iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Idan waje yana digiri 40, laima kashi 15 cikin 100, mai kyau tana iya fitar da iska a digiri 25 ko kusa, da wutar da ba ta kai rubu'in ta iyakwandishan ba. Ta dace da gidan abinci, zauren jira, wurin ɗinki, masana'anta a Sharaɗa ko Bompai. Amma sai an bar taga a buɗe iskar ta fita, ba a haɗa ta da iyakwandishan a rufaffen ɗaki, tana shan aƙalla lita biyar a awa, ruwan burtsatse kuma yana bar wa soson farin gishiri. Da damina ta sauka amfaninta ya ƙare. Mai sito na atamfa a Kantin Kwari ko mai ajiye fulawa da takarda ya yi hattara da laimarta.

Janareto ma yana shiga lissafin. Kwampreson da ba inbata ba yana jan ninki huɗu zuwa shida na wutarsa a daƙiƙar tashi, shi ya sa ake sayen inji mai girman da ya wuce buƙata. Injin dizal da ke wuni ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa yana shan mai da yawa a kan kowane yunit, yana kuma amayar da baƙin maiƙo ta salansa. A riƙa tayar da na'urori ɗaya bayan ɗaya, a jira minti uku bayan an canja layi kafin kwampreso ya sake tashi, a raba su daidai a kan layuka uku. Sola kuwa ta dace da ofis fiye da gida, domin lokacin da rana ta fi ƙarfi shi ne lokacin da ake neman sanyi, ba sai an tara batura da yawa ba. Farantan dai suna son wanki a hunturu.

Manyan gine-gine irin otal da asibiti da babban kanti, masu cila da ke aika ruwan sanyi ta bututu, nasu ɓarnar a ɓoye take. Ruwan yakan fita a digiri 7 ya dawo a 12. Idan bambancin ya koma digiri biyu, famfo yana tura ruwa a banza ne, ko dai bawul ya maƙale a buɗe ko faranta sun yi datti. A hunturu ana iya ɗaga zafin ruwan zuwa 9, kowane digiri yana rage wa cila wajen kashi 2 cikin 100. Fanka ko famfon da aka rage wa gudu zuwa kashi 80 cikin 100 kusan rabin wuta yake ci, shi ya sa na'urar rage gudun moto take saurin mayar da kuɗinta. Cila mai hucewa da ruwa ta fi mai hucewa da iska tsimi nesa ba kusa ba, musamman a busasshiyar iska irin tamu, amma hasumiyarta tana ƙafar da kimanin lita 7 a awa kan kowane tan, wato ma'aunin ƙarfin cila. Mai tan 200 zai nemi lita 14,000 a awa goma. Wanda ba shi da tabbacin ruwa da mai kula da maganinsa, kada ya fara. A tuna kuma cewa na'urar bango ba ta shigo da sabuwar iska, wadda ke ɗakin take juyawa. Zauren banki da ya cika aka rufe ruf, ciwon kai da gyangyaɗin da ake ji ba na yunwa ba ne kawai. Kowane mutum yana buƙatar lita 8 zuwa 10 na sabuwar iska a daƙiƙa, a shigo da ita ta filta, gwargwadon yawan jama'a.

Ɗumama ɗaki ba babbar buƙata ba ce a nan, rufe taga da daddare ya wadatar a yawancin wurare. Hitar ɗaki mai wat 2,000 ta fi iyakwandishan cin wuta, kuma a shagon da ke cike da yadi ko katifa haɗarin gobara ce. Inda kuɗin ɗumi yake tafiya da gaske shi ne ruwan zafi a otal da asibiti da wurin wanki. Ɗaga lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit 2.3. Otal mai ɗaki 40 ya haura yunit 90 a cika ɗaya, ban da abin da ke tsiyaya idan an bar hitoci a kunne dare da rana ko babu baƙo. Tankin dafa ruwa da rana a kan rufi zai ɗauke mafi yawan wannan. Akwai kuma hita mai kwampreso, wadda iyakwandishan ce aka juya, tana cin kashi ɗaya cikin uku na wutar hitar ƙarfe. Kada a ajiye ruwan ƙasa da digiri 60 don neman tsimi, ƙwayar cutar Legionella a ruwa mai ɗumi-ɗumi take yaɗuwa. Janareto kansa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin dizal yake mayarwa wuta, sauran yana fita ta lagireto da salansa, kuma otal mai babban inji zai iya dafa ruwansa da shi.

Abin da ya fi hana duk wannan faruwa a filazojinmu shi ne wanda ya gina ba shi yake biyan kuɗin wuta ba. Mai gini ya rage kuɗin auduga da baranda, ɗan haya ya biya har ya tashi. Kuɗin dizal kuma a raba shi daidai kan kowane shago, mai fanka ɗaya da mai na'ura uku kuɗinsu ɗaya, to wa zai kashe tasa? Ƙaramar mita ga kowane shago, a layin KEDCO da na janareto, tana sauya hali cikin wata guda. Manaja ya riƙa rubuta lambar babbar mita lokacin tashi da lokacin buɗewa na tsawon mako biyu, bambancin shi ne abin da ginin yake ci alhali babu kowa a ciki. Mai neman hayar shago ko ofis kuma ya je duba wurin da ƙarfe uku na rana, ba da safe ba. Ya ɗaga hannu ya taɓa silin, ya duba ina taga take kallo, ya leƙa inda za a ɗora kan waje, sannan a zauna maganar kuɗin haya.